Suleja: Garin Ganuwa Da Labarin Daren Munich

Matafiyin da ya taso daga Kaduna ya nufi kudu, da zarar ya wuce Tafa da Sabon Wuse sai ya fara hango Dutsen Zuma a gabansa, tsaye ƙiƙam, kamar wanda aka ba aikin gadin hanya. Shi ne dutsen nan da hotonsa ke jikin tsohuwar takardar naira 100. Idan ya ratse daga babban titi a Gauraka, ko kuwa a Madalla ga wanda ya fito daga wajen Abuja, ba da jimawa ba zai sami kansa a cikin Suleja, gari mai tudu da gangare, wanda duwatsu suka yi wa ƙawanya, Rafin Iku kuma yake ratsa shi.

Abin da zai fara jan hankalin baƙo shi ne cunkoso. Ga motocin haya masu jigilar ma'aikata zuwa Abuja, ga tankokin mai a gefen titi, ga 'yan acaɓa, ga masu tura baro a bakin Kasuwar Ibrahim Babangida. Amma in ya lura da kyau, kusan a kowace unguwa zai ga wani baƙin allo jingine a ƙofar wata rumfar kwano, an rubuta masa da alli sunayen ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa biyu-biyu, da lokacin da za su kara. Wannan ita ce alamar gidan kallo.

A cikin waɗannan rumfuna, da kuma teburan masu shayin da ke maƙwabtaka da su, akwai wani labari da ya ƙi tsufa, watau labarin yadda ƙungiyar Chelsea ta birnin Landan ta kai wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai a shekarar 2012, ta kuma ɗauki kofin a birnin Munich na ƙasar Jamus. An yi wasannin ƙarshe da dama bayan wannan, ita kanta Chelsea ma ta sake ɗaukar kofin a 2021, amma duk sa'ad da musu ya yi zafi, can ake komawa. Wanda ya san tarihin garin, ya kuma san halin da yake ciki a waccan shekara, ba zai yi mamakin haka ba.

GARIN DA YA BA DA SUNANSA

Asalin sarautar Suleja daga Zariya ne. A farkon ƙarni na 19, sa'ad da jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka ci birnin Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya fito da mutanensa ya yi kudu, ya zauna a Zuba cikin Gwari da Koro. Ya rasu a fagen yaƙi a Lapai a 1825, ƙanensa Abu Ja ya gaje shi. Shi Abu Ja, wanda ake yi wa wannan laƙabi saboda hasken fatarsa, shi ne ya kafa sabon gari a 1828, ya kewaye shi da ganuwa, garin kuma ya ci sunansa, ana ce da shi Abuja. Shi ya sa har gobe sarautar garin take Sarkin Zazzau.

Daga wannan lokaci har zuwan Turawa a 1902, an yi ta kawo wa garin hari, amma ba a taɓa cinsa da yaƙi ba. Mutanensa ba su fi abokan gabansu yawa ba, ba su kuma fi su dawakai ba. Abin da suke da shi shi ne ganuwa da duwatsu da haƙuri, da kuma sanin lokacin da ya kamata a fita a kai farmaki a komo. Alhaji Hassan Dallatun Abuja da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta wannan tarihi a littafi, domin kada ya ɓace.

A zamanin Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979, garin ya ƙara suna ta wata fuska. Wani Bature mai suna Michael Cardew ya kafa makarantar koyon ginin tukwane a nan a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954 ta kuma shahara har ƙasashen waje. Hotonta ne a jikin takardar naira 20. Ke nan ana iya cewa aljihun kowane ɗan Nijeriya yana ɗauke da wani yanki na ƙasar Suleja.

A ran 3 ga watan Fabrairu, 1976, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta ba da sanarwar ƙirƙiro sababbin jihohi, cikinsu har da Jihar Neja, ta kuma yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya a tsakiyar ƙasa. Aka ɗebi ƙasa mai yawa daga masarautar, sa'an nan aka ɗauki sunan garin aka ba sabon birni. Tsohuwar Abuja ta koma Suleja, don girmama Sarki Sulaimanu. A nan ma'aikatan da suka fara aikin gina birnin suka yada zango kafin a sami wurin zama a can.

Tun daga nan Suleja ta zama masaukin masu yi wa Abuja hidima. Da gwamnati ta tare a sabon birni a ran 12 ga watan Disamba, 1991, kuɗin haya ya gagari ƙaramin ma'aikaci, sai ya nemi ɗaki a Suleja ko Madalla. Rushe-rushen unguwanni da aka yi a Abuja tsakanin 2003 da 2007, da hana acaɓa a tsakiyar birnin a 2006, sun ƙara turo jama'a. Yau Bahaushe da Bagwari da Banufe da Bafulatani da Bayarabe da Ibo duk suna shan ruwan rijiya ɗaya a Kwamba da Maje da Rafin Sanyi.

BENCI ƊAYA, ƘABILA GOMA

Gidan kallo ba wani gini ne na a zo a gani ba. Rumfa ce ta kwano ko langa-langa, da jerin bencina, da telebijin biyu ko uku a kan katako, da farantin tauraron ɗan'adam a bisa rufi. A baya kuma akwai janareto, wanda shi ne ran wurin, domin ba mai hankalin da zai dogara ga wutar gwamnati a daren babban wasa. Yaro yana tsaye a ƙofa yana karɓar kuɗin shiga. Mai tsire da mai gyaɗa da mai ruwan leda kuwa sun san jadawalin wasanni kamar yadda mai gidan ya sani, don da shi suke auna cinikin ranar.

Abin da ya bambanta wannan rumfa da sauran wuraren taruwar jama'a shi ne tsarin zamanta. A masallaci Musulmi ne, a coci Kirista ne, a taron ƙungiyar 'yan gari kuwa kowa da yarensa. Amma a kan bencin gidan kallo, ba a tambayar mutum garinsu ko addininsa, sai dai a tambaye shi ƙungiyarsa. Makanike ɗan Anambara da mahauci ɗan Sakkwato, in duk Chelsea suke yi, to, 'yan'uwa ne na tsawon minti 90. Wa da ƙane uwa ɗaya uba ɗaya kuwa, in ɗaya Arsenal ne ɗaya Manchester United, sai an tashi za su sake sanin juna.

Hirar kanta tana da nata ladabi. Saurayi zai iya musanta maganar dattijo a kan ƙwallo, amma sai ya fara da "Allah ya ba ka haƙuri, Baba," ko kuwa "Da girmanka, Alhaji." Dattijo kuma yakan rufe bakin yaro da tambayarsa ko yana goye sa'ad da aka yi wasan da ake magana a kai. Ana haɗa Hausa da Turancin kasuwa a jimla ɗaya, kowa kuma yana fahimta.

Dalilin da ya sa Chelsea ta sami magoya baya da yawa a wannan yanki ba ɓoyayye ba ne. Celestine Babayaro, haifaffen Kaduna, ya buga mata wasa daga 1997 zuwa 2005. Bayan attajirin nan na Rasha, Roman Abramovich, ya saye ta a 2003, ta tara 'yan Afirka irin su Didier Drogba da Salomon Kalou na Kwaddebuwa, da Michael Essien na Gana. A 2006 kuma ta ɗauki John Mikel Obi, yaron da aka haifa a Jos ya kuma fara wasa a Plateau United, bayan doguwar ja-in-ja da Manchester United a kansa. Kamar yadda Nwankwo Kanu ya ja wa Arsenal dubban 'yan Nijeriya, haka Mikel ya ja wa Chelsea.

Sai dai har zuwa 2012 magoya bayan Chelsea suna da tabo biyu da abokan hamayya ke sosa musu. Na farko shi ne daren Mosko na 2008, inda kaftin John Terry ya zame wajen bugun daga kai sai mai tsaron gida, Manchester United ta tafi da kofi. Na biyu shi ne wasan kusa da na ƙarshe na 2009, inda Andres Iniesta na Barcelona ya ci su a cikin mintocin ƙarshe, bayan alƙalin wasa ya hana su bugun fanareti da suka yi ta nema.

SHEKARAR FARGABA

Kakar wasanni ta 2011 zuwa 2012 ta zo wa Suleja a cikin mummunan yanayi. A ran 8 ga watan Afrilu, 2011, jajibirin zaɓen 'yan majalisar tarayya, bom ya tashi a ofishin hukumar zaɓe na garin, ya hallaka mutane da dama, cikinsu har da matasa masu yi wa ƙasa hidima. A ranar Kirsimeti ta wannan shekara kuma aka kai hari cocin Saint Theresa da ke Madalla, inda fiye da mutum 30 suka rasa rayukansu. Kwana shida bayan haka, ran 31 ga watan Disamba, Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a wasu ƙananan hukumomi na jihohin Barno da Yobe da Filato da Neja. A Jihar Neja, Suleja ce abin ya shafa.

Sojoji suka kafa shingaye a kan hanya. Ma'aikacin da a da yake isa gida kafin magariba, sai ya shafe sa'o'i a layin motoci a gindin Dutsen Zuma. Maƙwabci ya fara kallon maƙwabcinsa da wutsiyar ido, wasu kuma suka kwashe iyalansu suka mai da su garuruwansu na asali. Ana cikin haka sai gwamnati ta janye tallafin mai a ran 1 ga watan Janairu, 2012, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, kafin yajin aiki da zanga-zanga su sa a mai da ita 97. Ga mai gidan kallo, wanda janareto ne jarinsa, wannan ƙarin nauyi ne a kan nauyi.

Shiga taron jama'a a lokacin nan kuwa sai mai ƙarfin hali. A watan Disamba na 2011 an tayar da bama-bamai a wuraren kallon ƙwallo a Jos. A ran 19 ga watan Fabrairu, 2012, wani bom ya sake tashi kusa da wani coci a Titin Maroko cikin Suleja. Iyaye da yawa suka hana 'ya'yansu fita da dare, wasu suka koma bin sakamako a rediyo. Amma duk da haka rumfunan ba su mutu ba. Kwana biyu bayan bom ɗin Titin Maroko, Chelsea ta je Italiya don karawa da Napoli, kuma daga nan ne masu ba da labari suke farawa.

DAGA NAPOLI ZUWA BARCELONA

A wannan dare na 21 ga watan Fabrairu, Napoli ta doke Chelsea da ci 3 da 1. Kowa ya ce magana ta ƙare. Manchester United da Manchester City tuni an fitar da su tun a zagayen rukuni, Arsenal kuma ta sha kashi da ci 4 da nema a hannun AC Milan, don haka masu zolaya suka ce Ingila ta tattara kayanta. A ran 4 ga watan Maris aka sallami mai koyar da 'yan wasa, Andre Villas-Boas, aka ba mataimakinsa Roberto Di Matteo riƙon ƙwarya.

Da aka zo wasa na biyu a Landan ran 14 ga watan Maris, tsofaffin 'yan wasan da ake cewa ƙarfinsu ya ƙare su ne suka ɗauki nauyi. Drogba ya ci, Terry ya ci, Frank Lampard ya ci, sa'an nan a cikin ƙarin lokaci Branislav Ivanovic ya zura ta huɗu. Aka tashi 4 da 1, jimilla 5 da 4. Magoya baya kan ce a wannan dare ne suka fara jin ƙanshin kofi, abokan hamayya kuwa kan amsa musu da cewa ba su ji komai ba sai bayan da abin ya faru.

Benfica ta ƙasar Fotugal ba ta ba da wahala sosai ba. Kalou ya ci ƙwallo ɗaya a Lisbon, a Landan kuma aka tashi 2 da 1. Sai ga Barcelona, mai riƙe da kofin, ƙungiyar Pep Guardiola da Lionel Messi da Xavi da Iniesta, wadda a lokacin ake cewa ba a taɓa ganin irinta ba. A wasan farko ran 18 ga watan Afrilu, Barcelona ta riƙe ƙwallo kusan duk tsawon wasan, amma Drogba ya sami dama guda dab da hutun rabin lokaci, ya yi amfani da ita.

Wasa na biyu, na ran 24 ga watan Afrilu a filin Camp Nou, shi ne wanda ake ba da labarinsa minti-minti kamar tatsuniya. Gary Cahill ya ji rauni tun da wuri ya fita. Sergio Busquets ya ci. Aka ba Terry jan kati saboda ya sa wa Alexis Sanchez gwiwa a baya. Iniesta ya ƙara ta biyu. Ke nan Chelsea ta rage mutum 10, ba 'yan bayanta na tsakiya ko ɗaya, a gidan ƙungiyar da ta fi kowace a duniya. Kafin a tafi hutu Ramires ya ɗaga ƙwallo ta saman mai tsaron gida ta faɗa raga. Da aka dawo Barcelona ta sami fanareti, Messi ya buga, ƙwallo ta daki ƙarfen sama. Daga nan Chelsea ta ja daga a bakin gidanta, har Drogba ɗan gaba ya koma tsaron gefe. A minti na ƙarshe Fernando Torres, wanda aka daɗe ana yi wa ba'a saboda rashin cin ƙwallo, ya ruga shi kaɗai ya kewaye mai tsaron gida ya farke. Aka tashi 2 da 2, Chelsea ta wuce.

A wannan dare ma, yayin da ake tsalle a rumfunan Suleja, wani abu ya fashe a wani wurin kallo a Jos, garin su Mikel. Farin ciki da fargaba tare suka yi ta tafiya a wannan kaka, ba wanda ya bar ɗan'uwansa.

SA'A CE KO DABARA?

A nan ne musun yake, kuma har yau ba a raba gardama ba. Magoya bayan Barcelona da Arsenal, masu son ƙwallon ba-ni-in-ba-ka, kan ce abin da Chelsea ta yi ba wasa ba ne, toshe ƙofa ne kawai, kuma in da za a sake buga wasannin nan sau goma, sau tara za ta sha kashi. Suna kafa hujja da cewa a wannan shekara ta shida ta zo a gasar Ingila, suna kuma tambaya, yaya za a yi ta shida a gida ta zama ta ɗaya a Turai in ba sa'a ba?

Magoya bayan Chelsea kuwa kan ce tsare gida ma ilmi ne. Wanda ya san ba zai iya tsere da doki ba, ba ya fita fili. Mutum 10 su tsaya kusan sa'a guda, kowa ya riƙe gurbinsa, ba wanda ya yi gaban kansa, wannan ba a samunsa sai da horo da yarda da juna, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Suna kuma nuna aikin Mikel, wanda ba ya cin ƙwallo ba ya kuma yin abin burgewa, amma shi ne ke tsaye gaban 'yan baya yana toshe kafa, yana karɓar ƙwallo ya miƙa ta ga na kusa. Sukan tuna kuma cewa a farkon wannan kaka, cikin watan Agusta na 2011, an sace mahaifinsa a Jos, sai bayan kwanaki aka kuɓutar da shi a Kano, amma yaron bai bar fili ba.

Dattawa kan raba faɗan da cewa duka biyun gaskiya ne, domin rabon kwaɗo ba ya hawa sama, amma kuma rabo ba ya tarar da wanda ya gudu. Ba abin mamaki ba ne wannan ra'ayi ya sami karɓuwa a garin da kakanninsa suka shafe fiye da shekara 70 suna tsare kansu a bayan ganuwa daga waɗanda suka fi su ƙarfi.

DAREN MUNICH

Ranar Asabar, 19 ga watan Mayu, 2012, aka yi wasan ƙarshe, kuma a filin Bayern Munich ne, watau a gidan abokiyar karawa. Chelsea ta fito ba Terry, ba Ivanovic, ba Ramires, ba Raul Meireles, duk an dakatar da su. Har ta kai ga sa wani yaro, Ryan Bertrand, wanda bai taɓa buga wasa a wannan gasa ba sai ran nan. An take wasa da ƙarfe takwas saura kwata agogon Nijeriya, bayan an idar da magariba. Lokacin farkon damina ne, sa'ad da mai gidan kallo ke ɗaga kai yana duban sama, domin hadari in ya taso yakan ɗauke hoto ko da janareto na aiki.

Bayern ta yi ta kai hari kamar ruwan sama. Ta sami bugun kusurwa 20, Chelsea kuwa ɗaya tak. A minti na 83 Thomas Muller ya ci da ka. Masu ba da labari kan ce a nan ne aka san maci tuwo, don wasu sun tashi sun nufi ƙofa. A minti na 88 Chelsea ta sami bugun kusurwarta ɗaya tilo, Juan Mata ya bugo, Drogba ya tashi ya sa kai, ƙwallo ta shige. A cikin ƙarin lokaci shi Drogba ɗin ne ya kayar da Franck Ribery a cikin da'ira, aka ba Bayern fanareti, Arjen Robben ya buga, mai tsaron gida Petr Cech ya kama.

Da aka zo bugun raba gardama, Mata ya fara ɓarar da tasa, Bayern ta shiga gaba. Cech ya ture ta Ivica Olic, ta Bastian Schweinsteiger kuma ta daki turke. Saura bugu ɗaya, kuma a ƙafar Drogba, mutumin da aka kora da jan kati a daren Mosko shekara huɗu kafin nan. Ya aika mai tsaron gida gefe guda, ƙwallo gefe guda. Chelsea ta ci 4 da 3, ta zama ƙungiyar Landan ta farko da ta ɗauki wannan kofi. Mikel ya buga wasan daga farko har ƙarshe, ya bi sahun Finidi George da Kanu, waɗanda suka ɗauke shi da Ajax ta ƙasar Holan a 1995.

Wajen ƙarfe goma da rabi na dare aka tashi, dokar ta-ɓaci tana nan, sojoji suna kan shingayensu. Amma waɗanda suka ga daren kan ce ihun da ya tashi daga unguwa zuwa unguwa bai bambanta ihun Musulmi da na Kirista ba. Mutanen da suka shafe wata biyar suna zargin juna sun rungumi juna ba tare da sun tsaya tunani ba. Wannan ne ya sa daren Porto na 29 ga watan Mayu, 2021, inda Kai Havertz ya ci Manchester City, bai kama ƙafar na Munich ba a bakin masu hira, ko da yake kofin ɗaya ne.

ABIN DA YA RAGE

Duniyar ƙwallo ba ta da tabbas. Drogba ya bar ƙungiyar ya tafi ƙasar Sin bayan 'yan makonni. Di Matteo, wanda ya kawo kofin, an sallame shi a watan Nuwamba na wannan shekara. Abramovich ma ya rabu da ƙungiyar a 2022. Mikel dai ya ƙara da Kofin Afirka tare da Nijeriya a watan Fabrairu na 2013. Yaran da ke cika bencina a yau da yawansu a wayar hannu suka ga waɗannan ƙwallaye, ga kuma shagunan caca da suka tsiro a gefen gidajen kallo, abin da ke damun iyaye da malamai ƙwarai.

Akwai kuma tambayar da masu hankali ke yi a teburin mai shayi. Saurayin da zai lissafa 'yan wasan Chelsea 11 na daren Munich ba tare da ya numfasa ba, sau da yawa bai san cewa Niger Tornadoes ta Minna, ƙungiyar jiharsa, ta ɗauki Kofin Ƙalubale na ƙasa a shekarar 2000 ba, ta kuma sake kai wa wasan ƙarshe a 2017. Bai san Enyimba ta Aba ta ɗauki Kofin Zakarun Afirka a 2003 da 2004 ba, ko kuwa Kano Pillars ta kai wasan kusa da na ƙarshe a 2009. Gida bai ƙoshi ba, an kai wa dawa. Laifin kuwa ba na yaran kaɗai ba ne, domin ido ba ya son abin da ba a nuna masa ba.

Ya kamata hukumomin ƙaramar hukuma da na jiha su dubi waɗannan rumfuna da idon rahama, su tabbatar da ingancin wayoyin lantarki da ƙofofin fita, don kada a maimaita abin da ya faru a Kalaba a watan Afrilu na 2017, inda wayar wuta ta faɗo kan wani gidan kallo ta hallaka masu kallo. Ya kamata kuma a tanadi filaye ga yaran unguwanni kafin gine-gine su cinye sauran da suka rage, domin Mikel ma a filin ƙasa ya fara a Jos.

Tsohuwar ganuwar Abu Ja gari ya daɗe da tsallake ta, kuma ba ganuwar ƙasa ce za ta tsare Suleja ta yau ba. Abin da ya tsare ta a shekarar 2012 shi ne mutanen da suka ƙi yarda a raba su, a kasuwa da tasha da unguwa, har da kan bencin gidan kallo. Allah ya ƙara wa garin Sarkin Zazzau zaman lafiya da arziki, ya jiƙan waɗanda suka rasu, amin.